Yadda ake auna tazarar tafiyar jirgin sama tsakanin ƙananan filaye biyu

Kafin ka taɓa taswira ko kalkuleta, ka fara sanin wace tazara kake nema, domin tsakanin filayen jirgi biyu tazara uku ce. Akwai miƙaƙƙiyar tazara, wato mafi gajartar layi a doron ƙasa daga wannan fili zuwa wancan. Akwai tazarar hanya, wadda jirgin zai bi a zahiri da duk kwane-kwanenta na tashi da sauka. Sai tazarar iska, wadda injin jirgi ke ji a jikinsa idan iska na tura shi ko tana tare shi. Mai lissafin diyya ko makin tikiti ta farko yake so, mai tsara jadawali ta biyu, mai lissafin mai kuwa ta uku. A doguwar tafiya bambancinsu ba ya da yawa idan aka gwada shi da tsawon tafiyar, amma tsakanin ƙananan filaye na yanki, inda tafiyar ba ta wuce kilomita 300 ko 500 ba, bambancin kan kai kashi ɗaya cikin biyar. Wannan ne ya sa gajeriyar tafiya ta fi doguwa buƙatar taka-tsantsan.

Daga ina zuwa ina

Filin jirgi fage ne mai faɗi, titin jirgi ɗaya ma kan kai kilomita biyu ko uku, don haka dole a tsayar da wuri guda da za a auna daga gare shi. Kowane fili yana da cibiyarsa ta hukuma, wadda ake kira ARP a takaice, galibi kusa da tsakiyar filin. Lambobinta na latitud da longitud, wato digirorin da ke nuna matsayin wuri ta kudu da arewa da kuma ta gabas da yamma, suna cikin kundin bayanan jiragen sama na ƙasar, wato AIP, a sashen AD 2.2 na kowane fili. Nan ne tushe. Shafukan intanet da yawa suna kawo lambobin filaye, amma wani ya ɗauki ƙofar ɗakin fasinjoji, wani ya ɗauki bakin titi, wani kuma tsakiyar garin da filin ke ɗauke da sunansa, alhali filin na iya kasancewa kilomita 20 ko 30 a wajen gari. A tafiyar kilomita 300, wannan kaɗai ya isa ya ɓata lissafi da kashi goma cikin ɗari. Dubi tafiyar da ke tsakanin tsibiran Westray da Papa Westray a arewacin Sikotland, wadda tsawonta bai wuce kilomita 2.7 ba: a can, zaɓen wurin farawa shi ne kusan dukan amsar.

Ka yi aiki da lambar fili, ba da sunan gari ba. Lambar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, haruffa uku ce, ita ce a kan tikiti da kaya. Ta ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, haruffa huɗu ce, ita matuƙa da masu kula da zirga-zirgar jirage ke amfani da ita, kuma ƙananan filaye da dama ita kaɗai gare su. Sunaye na rikita mutum: SJC na San Jose ne a Kalifoniya, SJO na San Jose ne a Kosta Rika, SYD na Sidni ne a Ostireliya, YQY kuma na wani Sidni ne a Kanada. Harafi ɗaya ya kauce, ka auna wata ƙasa.

Sannan ka tabbatar lambobin latitud da longitud na filayen biyu a kan tsarin awon duniya na WGS 84 suke. Tun daga 1 ga Janairu 1998 ICAO ta mayar da shi ma'aunin bai-ɗaya na harkar jiragen sama, kuma shi GPS ke bi. Tsofaffin taswirori na iya zama a kan wani tsarin gida, inda wuri ɗaya zai goce da mita ɗari ko ɗaruruwa. Bayanan AIP kuma ana sabunta su duk bayan kwana 28, saboda haka a duba kwanan watan bugun.

Ma'auni

Mil iri biyu ne, kuma nan ne aka fi yin tuntuɓe. Mil na teku, wanda jiragen sama ke aiki da shi, mita 1,852 ne cif, kamar yadda aka tsayar a taron Monako na 1929. Mil na tudu, wanda ke kan alamun titi a Amurka da Ingila, mita 1,609.344 ne. Bambancinsu ya kai kashi 15 cikin ɗari. Takardar tsarin tafiya ta matuƙi da mil na teku take, makin tikiti na kamfanonin jirage galibi da mil na tudu, dokokin Turai kuwa da kilomita. Duk lambar da ka rubuta, ka rubuta ma'auninta a gefenta.

Dalilin da ya sa matuƙa suka riƙe mil na teku shi ne minti ɗaya na latitud, wato kashi ɗaya cikin 60 na digiri, kusan mil ɗaya ne na teku, digiri ɗaya kuma mil 60, wato kimanin kilomita 111. Longitud ba haka yake ba. Layukansa suna matsowa kusa da juna yayin da ake nufar ƙuryar arewa ko ta kudu, don haka digiri ɗaya na longitud mil 60 ne a layin da ya raba duniya biyu kawai. A latitud 60 ya koma mil 30. Abin da ke daidaita wannan shi ne kosain na latitud, lambar da maɓallin COS na kalkuleta ke bayarwa.

Lissafin hannu

Mu ɗauki misali da ƙagaggun lambobi masu sauƙin bi. Fili na farko yana 45°30′ Arewa, 10°15′ Gabas. Na biyu yana 47°42′ Arewa, 13°03′ Gabas.

Da farko a mayar da su digiri zalla. Ana raba minti da 60, daƙiƙa kuma da 3,600. Minti 30 rabin digiri ne, saboda haka 45°30′ ya zama 45.50, 10°15′ ya zama 10.25, 47°42′ ya zama 47.70, 13°03′ ya zama 13.05. Kudu da Yamma suna ɗaukar alamar ragi. Idan fili ɗaya yana digiri 1 Yamma, ɗayan yana digiri 2 Gabas, tsakaninsu digiri 3 ne. Wanda ya manta alamar zai samu 1.

Bambancin latitud shi ne 2.2, a ninka da 60, mil 132 ke nan daga kudu zuwa arewa. Bambancin longitud 2.8 ne, a ninka da 60 ya ba da minti 168, amma waɗannan ba mil ba ne tukuna. A nemi tsakiyar latitud na filayen biyu, wato 46.6, kosain ɗinsa 0.6871. A ninka 168 da 0.6871, an samu mil 115.4 daga yamma zuwa gabas. Yanzu kana da ɓangarori biyu na alwatika mai miƙaƙƙiyar kusurwa, sai ka bi ƙa'idar Paitagoras: 132 sau 132 ya ba da 17,424, 115.4 sau 115.4 ya ba da kimanin 13,320. Jimilla kimanin 30,745. Lambar da za a ninka da kanta ta ba da wannan ita ce 175.3. Tazarar mil 175 ce na teku da ɗan ɗori, kusan kilomita 325.

Da an tsallake kosain, amsar za ta fito mil 214, ƙarin mil 38 da babu su a ƙasa. Kusa da layin tsakiyar duniya wannan kuskure ba ya nunawa sosai, domin kosain na latitud 10 ya kai 0.985, shi ya sa wanda ya saba aiki a can yakan manta da shi, sai ranar da ya auna filaye a Turai ko Kanada abin ya fito fili.

Akwai wani kuskure da ya fi wannan ɓoyewa, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Mutum ya ga 45°30′ sai ya rubuta 45.30 a maimakon 45.50. Wannan ya matsar da filin mil 12 zuwa kudu. Idan aka yi wannan kuskure a kan filayen biyu na misalinmu, amsar takan fito mil 174, mil ɗaya kacal ƙasa da gaskiya, saboda kuskuren wannan ya kusa cinye na wancan. Mai lissafi zai gwada da wata kafa, ya ga sun yi kusa, ya ɗauka hanyarsa daidai ce, ya ci gaba da ita a kan sauran filaye. Amma idan fili ɗaya aka kwafo daidai daga wata kafa mai digiri zalla, na biyu kuma aka rubuta shi 47.42 da 13.03, amsar za ta faɗo mil 163. Alamar gane wannan cuta a jerin lambobi mai sauƙi ce: idan babu lamba ko ɗaya da abin da ke bayan ɗigonta ya kai .60, to minti ne aka rubuta da sunan digiri.

Babbar da'ira

Lissafin alwatika ya ɗauki ƙasa a matsayin shimfiɗaɗɗiya, kuma ya wadatar a tafiyar mil ɗari biyu ko uku. Idan tafiya ta fi haka, ko ana son amsa ta hukuma, sai a koma ga babbar da'ira, wato layin da za ka samu idan ka ja zare ka ɗaure shi tsakanin wurare biyu a kan ƙwallon duniya. Dabarar da aka fi amfani da ita sunanta habasain. Idan ka sa latitud da longitud na fili na farko a A2 da B2, na biyu a C2 da D2 cikin Excel ko makamancinsa, ga yadda ake rubuta ta:

=2*6371*ASIN(SQRT(SIN(RADIANS(C2-A2)/2)^2+COS(RADIANS(A2))*COS(RADIANS(C2))*SIN(RADIANS(D2-B2)/2)^2))

Lambar 6371 ita ce matsakaicin nisa daga cibiyar duniya zuwa doronta da kilomita. Idan mil na teku ake so, a sa 3440 a gurbinta. Da lambobin misalinmu amsar kilomita 324.9 ce, wato mil 175.4 na teku, ko mil 201.9 na tudu. Ka ga lissafin hannu bai kauce da ko rabin kilomita ba. Idan da kalkuleta kake aiki, ka duba ko tana kan digiri ko radiyan kafin ka danna komai. Yawancin amsoshin da ke fitowa ba kai ba gindi daga nan suke.

Duniya ba cikakkiyar ƙwallo ba ce, ta ɗan baje a ƙuryoyinta biyu. A tsarin WGS 84, daga cibiya zuwa layin tsakiya mita 6,378,137 ne, zuwa ƙurya kuma kimanin mita 6,356,752. Saboda haka habasain kan kauce da abin da bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, wato ƙasa da kilomita biyu a tafiyar kilomita 325. Mai son ya kawar da wannan sai ya yi amfani da dabarar Vincenty ta 1975, ko ta Karney ta 2013 wadda ke cikin manhajar GeographicLib. Shafin Great Circle Mapper yana karɓar lambobin filaye ya ba da amsa kai tsaye. A ganinmu, ga tsarin tafiya na yau da kullum habasain ya isa har da saura. Inda ake buƙatar dabara mai zurfi shi ne inda doka ta ja layi. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta rataya diyyar fasinja a kan tazarar babbar da'ira, da iyaka a kilomita 1,500 da 3,500, kuma diyyar Yuro 250 ce, ko 400, ko 600. Tafiyar da ta faɗo kilomita 1,497 a wata dabara na iya fitowa 1,503 a wata.

Tsayin da jirgi ke tafiya a kai ba abin damuwa ba ne. Jirgin da ke mita 7,600 sama da ƙasa yana zana baka mafi faɗi da kashi 0.12 cikin ɗari kawai, kuma ana lissafin tazara a doron ƙasa ne.

A kan taswira

Taswirar da aka saba gani a waya da kwamfuta ɗiyar tsarin Maketo ce na 1569, wanda ke kumbura ƙasa yayin da ake nesanta da layin tsakiyar duniya. A latitud 46.6 komai ya ƙaru da kusan kashi 45 cikin ɗari, a latitud 60 ya ninka biyu. Kada a ɗora rula a kan allo. Abin auna tazara da ke cikin manhajar yana gyara wannan da kansa, shi za a yi amfani da shi, tare da lura kada a ɗauki tazarar mota da sunan ta jirgi.

Taswirorin matuƙa galibi a kan tsarin Lambat suke, inda miƙaƙƙen layi ya yi kusa ƙwarai da babbar da'ira. A mai sikeli 1:500,000 santimita ɗaya kilomita 5 ce, wato mil 2.7, a mai 1:1,000,000 kilomita 10 ce. Tafiyar misalinmu za ta ci santimita 65 a ta farko, 32.5 a ta biyu. Ja layi da fensiri mai tsini tsakanin cibiyoyin filayen, buɗe ƙafafun kamfas na awo daidai mil 30 ko 60 a kan ɗigogin latitud da ke jikin layin kudu da arewa, kusa da tsakiyar tafiyar, sannan ka taka shi a kan layinka kana ƙirgawa. Kada ka ɗauki awo daga layin gabas da yamma, mintocinsa ba mil ba ne. Idan an yi wa taswirar hoto ko an buga ta a wata takarda, sikelinta ya tashi daga aiki, sai dai a dogara da ɗigogin latitud, domin su suna raguwa ko ƙaruwa tare da takardar.

Akwai kuma layin da ke riƙe da fuska ɗaya ta kamfas daga farko har ƙarshe. Ya fi babbar da'ira tsawo: a latitud 60, tafiyar digiri 90 na longitud mil 2,700 ce a kansa, mil 2,485 a babbar da'ira. A tafiyar yanki bambancin bai kai a ambata ba.

Hanyar da jirgi ke bi

Jirgin fasinja ba ya tashi daga cibiyar fili ya miƙe. Yana tashi ne yana fuskantar iska, ko da inda za shi yana bayansa, ya bi tsararriyar hanyar fita da ake kira SID, ya hau hanyar sama daga wannan tasha zuwa waccan, wato wuraren alama da jirage ke bi, ya kauce wa yankin soja ko tsauni ko hadari, sannan ya bi hanyar shiga, STAR, ya daidaita da titin sauka. Don samun tazarar hanya, a jera tashoshin da ke cikin tsarin tafiya, a auna kowane zango, a tara. Taswirorin hanyoyin sama sun riga sun rubuta tsawon kowane zango da mil na teku, kuma shafuka irin su SkyVector suna tarawa idan aka shigar da hanyar.

Abin da ya kamata a sani shi ne inda ƙarin ke fitowa. Kaucewa gefe a tsakiyar tafiya ba ta da tsada kamar yadda ido ke gani. Idan hanyarmu ta mil 175 ta bi ta wata tasha da ke mil 30 a gefe, daidai tsakiyar tafiya, kowane rabi ya zama mil 92.7, jimilla 185, ƙarin mil 10 ke nan. Sauka ce ke cin tazara. Idan jirgi ya fito daga kudu amma iska ta sa ana sauka daga arewa, dole ya wuce filin da kimanin mil 10, ya juyo, ya dawo wasu mil 10, an ƙara mil 20 a wuri guda. A sa mil 5 na juyawa bayan tashi, tafiyar ta koma mil 210, ƙarin kashi 20 cikin ɗari. Waɗannan mil 35 ɗin da a tafiyar mil 3,000 ne, da kashi ɗaya kawai suka ɗara. Idan kuma aka ce jirgi ya jira a sama, zagaye ɗaya na jira minti huɗu ne, a gudun not 200, wato mil 200 na teku a awa, mil 13 ke nan.

Idan babu tsarin tafiya a hannu, akwai ƙiyasin da hukumomi ke aiki da shi wajen lissafin hayaƙi. Ma'aunin ICAO yana ƙara kilomita 50 a tafiyar da ba ta kai kilomita 550 ba, 100 daga nan zuwa 5,500, 125 a abin da ya haura. Tsarin cinikin hayaƙi na Tarayyar Turai ya yi amfani da ƙarin kilomita 95 a kan kowace tafiya. Misalinmu zai zama kilomita 375 a na farko, 420 a na biyu. Waɗannan matsakaitan lambobi ne na lissafin ofis, ba a zuba wa jirgi mai da su. Hanya mafi kusa da gaskiya ita ce a duba sawun tafiye-tafiyen da aka riga aka yi a Flightradar24 ko FlightAware, a ɗauki goma ko ashirin na ranaku daban-daban, har da ranakun da aka sauya titin sauka. A lura cewa a ƙananan filaye sawun kan yanke kafin jirgi ya taɓa ƙasa, idan babu na'urar karɓar sigina a kusa, sai manhaja ta cike giɓin da miƙaƙƙen layi, tazarar ta fito gajeriya.

Haka na'urar DME da ke cikin jirgi, mai auna nisansa daga tashar rediyo a ƙasa, ba tazarar ƙasa take nunawa ba, karkataccen layi take aunawa daga jirgi zuwa tasha. Jirgin da ke ƙafa 6,076 daidai saman tashar zai ga mil ɗaya, a ƙafa 24,000 zai ga kusan mil huɗu. Daga nesa bambancin ya ɓace, a kusa ne yake ruɗi.

Tazarar iska

A ɗauki jirgi mai farfela na tafiyar yanki, irin su ATR 72, yana gudun not 270 cikin iska, not ɗaya kuwa mil ɗaya ne na teku a awa. Iska mai not 40 tana tare shi ta gaba, saboda haka gudunsa a ƙasa 230 ne. A ninka tazarar hanya da gudun iska, a raba da gudun ƙasa: 210 sau 270 a raba da 230, mil 247 ke nan injin zai yi aiki a kansu, cikin minti 55. A dawowa iskar tana bayansa, gudun ƙasa 310, tazarar iska mil 183, minti 41. Ka lura zuwa da dawowa sun ci minti 95 da ɗoriya, alhali da babu iska minti 93 ne. Iska ba ta biyan abin da ta ci, domin jirgi ya fi daɗewa a ɓangaren da take tare shi.

Wannan lissafi ya ɗauka gudun ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe, a gajeriyar tafiya kuwa hawa da saukowa suna cin rabin hanya ko fiye, kuma gudun a lokacin ya fi ƙasa. Don haka a raba tafiyar uku, a ɗauki tazara da lokaci da man hawa da na saukowa daga jadawalin littafin jirgin, abin da ya rage a tsakiya shi za a lissafa da gudun 270. Kuma akwai tazara ta huɗu da ba a cika tunawa da ita ba sai an zo lissafin mai: daga filin da aka nufa zuwa filin madadi, inda jirgi zai koma idan sauka ta gagara. A yankin da filaye suka yi nisa da juna, ko ƙaramin fili ke rufewa da faɗuwar rana, madadin na iya fin tafiyar kanta nisa. Ana auna ta daga inda jirgi zai fasa sauka, a bi hanyar fasa sauka da aka wallafa, zuwa saukar madadin, a ɗora mata man ko-ta-kwana na kashi 5 cikin ɗari na man tafiya, da ajiyar ƙarshe ta minti 30 ga jirgi mai injin tabain, irin su ATR 72, a tsayin ƙafa 1,500 saman filin madadin.